Tagulla da Kurom a Tashar Bawku

Ku gyara zama ku ba ni kunne. Wannan ba tatsuniya ba ce, ko da ta zo muku da muryar tatsuniya. Jiya na ji ku a ƙofar gida kuna musu a kan injin motar nan da kuka haɗa hannu kuka sayo. Wasu na cewa a kai murfinsa da bututansa a shafa musu kurom, farin ruwan ƙarfen nan mai ƙyalli, wasu na cewa a goge su kawai, wai ai goge ƙarfe ba aiki ba ne, tsumma ne da ɗan gwangwanin mai. Amma ni goge ƙarfe ne ya ciyar da ni, ya ciyar da iyayenku, tun daga Salaga har Yendi har Bawku. To ku ji yadda abin yake, sannan ku je ku yi wa motarku abin da kuka ga dama.

Tasa ce aikina na farko, tasar tagulla mai faɗin baki, ta matar wani falke mai goro a Salaga. Lokacin garin ya riga ya fara tsufa, rijiyoyi sun kusa fin mutane yawa, amma tsofaffin gidaje suna nan da tasoshinsu da butocinsu na tun zamanin ayari. An ba da ni riƙo wurin ƙanwar mahaifina, Gwaggo Asabe, ita kuwa sana'arta ke nan. Kayan aikinta ba su cika kwando ɗaya ba: kasko na jiƙa tsamiya, tokar karan dawa, yashin rafi da aka tankaɗe da tsumma har ya zama kamar gari, gawayin itace mai laushi, auduga, guntuwar tsohuwar fata, da ɗan man kaɗe a ƙoƙo. Ta miƙo mini tasar ta ce in yi. Na dirje ta da yashi tun safe har rana ta take, na kawo mata ina jin kaina.

Ta ce, "Habsatu, leƙa. Me kika gani a ciki?"

Na ce, "Fuskata, Gwaggo."

Ta ce, "Fuskarki da tsage-tsage kamar an kai ki wurin wanzamin Mossi. Koma."

A ranar na san cewa ƙyalli dabam, goge dabam. Tsamiya ce take ɗaga dauɗa da kore-koren da ke kama tagulla. Yashi yana cire gyambon ƙarfe, amma yana barin nasa zanen. Toka tana cinye zanen yashi, gawayi yana cinye zanen toka, fata tana cinye na gawayi. Kuma duk sa'ad da kika canja daga ɗaya zuwa ɗaya sai ki juya hannu, ki gitta layin da kika yi a baya, kina yi kina dubawa har ya ɓace. In kika yi tsallake, ƙarfe zai tona miki asiri a gaban mai shi da rana tsaka. Daga ƙarshe a wanke da ruwa mai tsabta, a shanya, a shafa man kaɗe kaɗan, kamar yadda ake shafa wa jinjiri. Na yi damuna da rani masu yawa a ƙarƙashin hannun Gwaggo kafin ta karɓi tasa daga wurina ba ta ce koma ba. Allah ya haskaka kabarinta.

Murfin lagireto ne aikina na farko na mota, kuma a Yendi ne. Aure ya kai ni can, gidan wani malami. Da ya rasu, Allah ya jiƙansa, sai na koma ga tsamiya da toka, ina goge butocin alwala da fitilun gidajen malamai. Wata rana na jera tasoshi a rana a ƙofar gida, sai ga wata tsohuwar lori ta tsaya tana huci. Direban ya sauko neman ruwa. Dogo ne, mai yawan dariya, sunansa Issaka, uwarsa Bamossiya ubansa Bahaushe, mazauninsa Bawku. Ya sha ruwa, ya ba motar, sannan ya tsaya a kan tasoshin nan yana kallon gemunsa a ciki.

Ya ce, "Yaya, hannun da ya yi wannan zai iya mota?"

Na ce, "Ni ban taɓa hawa mota ba, balle in taɓa ta."

Ya ce, "Ba hawa na ce ba. Ga wannan."

Ya kwance murfin lagireto, wato tukunyar ruwan nan da ke gaban mota, ya ajiye mini a tabarma. Tagulla ce, baƙa ƙirin. Ashe duk a ƙarƙashin hayaƙi da baƙin mai, motocin zamanin nan cike suke da kayan da na sani: lagireto na tagulla, bututun mai na jan ƙarfe, murfin kan inji na alminiyam. Kafin ya gama cin tuwo a kasuwa na gama. Da ya dawo ya ɗaga shi sama, ya juya shi, ya ce, "La'ilaha illallahu. Ashe amarya nake tuƙawa ban sani ba."

Daga nan duk sa'ad da ya biyo ta Yendi sai ya tsaya. Ana nan, ana nan, ya ce aikin nan a Bawku yake, can ne tasha, can ne motoci. Ya ɗauke ni da 'ya'yana da kwandona a bayan lorin, a kan buhunan gishiri, ya sauke mu a zongo gidan Mma Azara, wadda ita ce babbar matan da ke sayar da man kaɗe da albasa. Ta ba mu ɗaki, ta ba mu murhu, ba ta taɓa tambayata yaushe zan tashi ba.

Kafireto ne ya koya mini tsoron inji. Shi ne ɗan ƙoƙon tagullar da fetur ke haɗuwa da iska a cikinsa, kuma jikinsa duk ƙananan ramuka ne. Wanda ya kwance mini shi Masa Kofi ne, fitan tasha, wato makanike, mutumin Asante da ya daɗe a arewa har ya iya Hausar zongo. Ya zaunar da ni, ya nuna mini ramukan ɗaya bayan ɗaya da tsinke.

Ya ce, "Mami Habsatu, tasa ba ya numfashi. Wannan yana numfashi. Toka ɗaya ya shiga nan, mota ya mutu a daji, mutane ya zage ni, ba kai ba."

Tun daga ranar ba na taɓa kayan inji sai mun toshe kowane rami da auduga da ɗan ƙaramin itace. Kuma ba a goge inda ƙarfe ke haɗuwa da ƙarfe, don in ya sha yashi ya rame, mai zai riƙa tsiyaya. Alminiyam kuma ba ya son toka mai ƙarfi, yana yin dabbare-dabbare, sai gawayi da mai. Waɗannan Gwaggo ba ta koya mini ba, Masa Kofi ne, kuma ina yi masa fatan alheri a duk inda Allah ya ajiye shi.

Yanzu ku ji abin da ya sa direba zai damu da ƙyallin abin da ke ɓoye a ƙarƙashin murfi. A tashar Bawku ta wancan lokaci ba a layi. Ran kasuwa kowane direba sai ya ɗage murfin injinsa gefe biyu, kamar zakara ya buɗe fikafikai, ya koma gefe ya tsaya. Masu tafiya su bi suna dubawa. Dillalan shanu, mata masu albasa, fatake masu komawa kudu, babu wanda ya san yadda inji ke aiki, amma kowa ya san gidan da ake shara. In sun ga inji yana walƙiya sai su ce wannan mai shi yana kula, ba zai kwana da mu a daji ba, su ɗora kaya. In sun ga baƙi sai su wuce. Haka motar Issaka, duk da tsufanta, ta riƙa cika kafin sauran. Da sauran direbobi suka gane, sai ga su a bayan tasha da kayan injinsu a buhu. Na samu aiki har hannuwana suka yi kanta, har na riƙa mayar da wasu.

Shi ke nan, sai kurom ya zo.

Wani direba Salifu ne ya fara shigo da shi, da sabuwar lori daga Kumasi. Da ya ɗage murfi, tasha ta watse ta taru a kansa. Fari fat, mai shuɗi-shuɗi, ya fi madubi. Mata suna gyara ɗankwali a jikin lagireto. Ba zan yi wa kurom ƙarya ba, ko da ya ci abincina: yana da kyau, kuma ba ya neman kowa. Ruwa da tsumma sun ishe shi. Tagulla kuwa in na goge ta yau, kafin kasuwa ta zagayo sau biyu ta fara dushewa, alminiyam ya fara hazo. Goge aiki ne da ba ya ƙarewa. Amma kurom riga ce, ba jiki ba. Ruwa ne ake shafa wa ƙarfe a can kudu, siriri kamar fatar albasa. In zafin inji ya dafa shi ko dutse ya sare shi, sai ya fara ɓarewa, tsatsa ta shiga ta ƙarƙashi tana ci ba a gani, kuma duk arewa babu mai iya mayar da shi. Abin da aka goge kuwa, ƙyallinsa daga jikinsa yake. In ya dushe yana nan a ciki yana jira.

Ba a jima ba 'yan kasuwa suka fara kawo murafu da bututai masu kurom na ɗaura wa tsofaffin injuna. Direbobi suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda jiya yake roƙona in fara da nasa, yau sai ya ɗaga mini hannu daga nesa. Na koma soya ƙosai da safe don a rufa asiri.

Murfin kan inji mai kurom ne Issaka ya zo da shi wata rana, nannaɗe a buhu. Wani ɗan kasuwa ya ba shi ya gwada, in ya yi masa ya saya. Ya shimfiɗa shi kusa da nasa na alminiyam da na goge, ya kira Masa Kofi, ya tsuguna yana kallon su biyun. Gaskiya sabon ya fi haske.

Ya ce, "Yaya, me kika ce?"

Na ce, "Motarka ce, Issaka."

Ya ce, "Na san motata ce. Ba na zo tambayar mai ita ba."

Na san duk abin da na faɗa, cikina ne zai yi magana. Sai Masa Kofi ya ƙwanƙwasa sabon da ɗan yatsa ya ce, "Wannan, yau kyau. Gobe ya fashe, sai Kumasi. Wancan ya dushe, sai Mami Habsatu, kuma Mami Habsatu yana nan bayan tasha." Ya ƙara da cewa tun da ake kwance kayan nan ana kawo mini, shi ma dole yake duba kowane ƙusa da kowane bututu in zai mayar, shi ya sa motar ba ta taɓa kwana a hanya ba.

Issaka ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya nannaɗe sabon ya ce, "Kuma in na sa wannan, wa zai riƙa yi mini faɗa a kan man da nake bari yana zuba? Matata ta gaji, sai ke." Ya mayar wa mai shi. 'Yan tasha suka yi ta yi masa ba'a, suna kiran motarsa tasar tsohuwa. Kayan da yake samu ran kasuwa suka ragu, don sababbin ido sun fi son fari. Bai canja ba. Matan zongo kuma ba su bar shi ba, don shi ne mai ɗaukar musu man kaɗe da albasa zuwa kudu, ya dawo musu da gishiri da goro, ko an biya shi nan take ko sai an sayar.

Ana nan sai shekarar wuya ta zo, shekarar da yaƙin Turawa ya yi zafi. Taya ta ɓace a kasuwa, fetur sai da izini. A tsakiyar damuna labari ya iso cewa za a zo a duba motoci, duk wadda aka ga tana da kyau za a karɓe ta don aikin soja. Tasha ta rikice. Mutane suka yi shawara a tsakaninsu, suka ce dabara ɗaya ce: kowa ya mayar da motarsa mummuna, a ga kamar ta mutu, a wuce ta.

Masu kurom suka shafa laka, ruwan sama ya wanke. Suka shafa baƙin mai, ɗan yatsa ɗaya ya share, haske ya fito yana dariya. Kurom ba ya karɓar dauɗa. Sai suka ɗauko dutse da zarto. Na ga Salifu da idona yana kankare lagireton da mata ke gyara ɗankwali a jikinsa, yana yi yana kau da kai. Cikin 'yan kwanaki damuna ta bi inda aka kankare da jar tsatsa.

Issaka ya zo mini ya ce, "Yaya, yau aikin juye na kawo. Ki kashe mini hasken nan."

Mai goge ƙarfe ta san duk abin da ƙarfe ba ya so, don shi take kora kullum. Na jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, na zuba gishiri, na shafe tagulla da jan ƙarfe. Muka turara su da hayaƙin kashin shanu, muka bar su a raɓa. Masa Kofi ya mayar, ya yayyafa tsohon mai da ƙasa. Da aka yi kwanaki ana jira masu dubawa ba su zo ba, sai abin ya kama sosai: tagulla ta yi baƙi, ta yi kore a lungu-lungu, alminiyam ya yi furfura. Duk wanda ya leƙa sai ya ce wannan ta gama yawo.

Ana saura kaɗan a ga watan azumi, da hantsi, sai ga wani mai keke ya iso daga wajen Yendi, jikinsa duk laka. Ya ce ya ga abin da aka yi a can, kuma ba yadda muka zata ba ne. Sababbin motoci an tafi da su, ko an kankare ko ba a kankare ba, don masu dubawa sun san su. Tsofaffi masu lafiya an shafa musu farin fenti a ƙofa, an bar su a hannun masu su, su riƙa ɗaukar hatsi da kayan gari, har da izinin fetur. Amma duk wadda aka ce ta mutu, a nan take ake cire mata tayoyi da batir da duk abin da zai amfani wata, a bar gangar jikin a kan duwatsu. Kuma ya ce masu dubawar suna bayansa, sun tsaya a wani gari a hanya, kafin rana ta faɗi suna Bawku.

Issaka ya shigo gidan Mma Azara ba sallama, abin da bai taɓa yi ba.

Ya ce, "Yaya, da hannunmu muka yanka ta. Za a iya dawo da ita?"

Na ce, "Za a iya, in akwai tsamiya, in akwai hannuwa."

Ga inda matsalar take. Ƙarshen damuna ne, tsamiyar bara ta ƙare, sabuwa ba ta nuna ba. Tawa ba ta fi cikin tafi ba. A kasuwa babu ko ɗaya. Abin da ya rage a garin shi ne wanda kowace mace ta ɓoye a tukunya tun rani don kunun buɗa baki. Wannan kuwa ba a taɓa shi, ko miji bai isa ba.

Mma Azara tana daka a tsakar gida, ta ji komai. Ta jingine taɓarya, ta shiga ɗaki, ta fito da tukunyarta, ta juye a gabana. Sannan ta yafa mayafi ta fita. Ina jin muryarta daga gida zuwa gida.

"Salamu alaikum! Ke Lamisi, fito da tsamiyarki."

"Wace tsamiya, Mma? Ni bana ban ajiye ba."

"Wadda ke ƙarƙashin gadon da kike zaune a kai. In an cire wa motar Issaka ƙafafu, a kanki za ki ɗora albasarki har Kumasi?"

"To kunun azumi fa?"

"Ki sha da haƙuri, ya fi lada."

Kafin azahar tsamiya ta cika babbar tukunyar rini da muka aro, mata sun cika bayan tasha. Masa Kofi yana kwancewa yana toshe ramuka da auduga, gumi na zuba, yana ta faɗin, "Ruwa ba ya shiga nan! Ruwa ba ya shiga nan!" Na raba aiki. Tsofaffi na ba su bututai, don suna da haƙuri. Masu ƙarfi na ba su lagireto. Murfin alminiyam na ba Mma Azara da gawayi, na ce kada toka ta kusance shi. Kafireto na riƙe da kaina. Na bi su ɗaya ɗaya ina juya musu hannu: ke gitta, ke ya isa, ke koma. Wata ta ce, "Habsatu, ashe haka kike shan wuya? Ni na ɗauka shafawa kawai kike yi." Wata ta ce tun da aka kawo ta gidan miji ba ta taɓa goge tukunyarta haka ba, kada kowa ya gaya masa. Aka yi dariya, hannu bai tsaya ba. Baƙin ya riƙa sauka cikin ruwa, rawaya tana fitowa kaɗan kaɗan, kamar gari yana wayewa.

Ba mu kai ga fata ba. Aikin da zan nuna wa Gwaggo ba haka yake ba, akwai zanen toka a wurare da yawa. Amma da la'asar, da Masa Kofi ya ɗaure ƙusa na ƙarshe, injin ya dawo inji.

Suka iso, Bature ɗaya da wani saje baƙar fata, mutumin arewa, da masu ɗaukar kayan aiki. Aka jera motoci, aka ɗage murafu. Mu mata muka koma gindin bishiya muka ɓoye hannuwa a mayafi, don duk sun yi baƙi. Motar Salifu suka fara dubawa. Baturen ya shafa inda aka kankare, ya girgiza kai, ya sa aka tayar da ita, ya ce a kai ta gefe, ta tafi. Ta biyu tsohuwar mota ce da aka ɗaura wa kayan kurom aka kuma kankare, tsatsa ta huda bututunta. Muna kallo aka sa mata duwatsu aka fara kwance tayoyi. Mai ita ya zauna a ƙasa.

Sai aka zo kan ta Issaka. Baturen ya leƙa, ya daɗe yana leƙawa. Ya taɓa bututu, ya duba ɗan yatsansa. Ya yi magana, sajen ya ce, "Ya ce a tayar."

Issaka ya kama hannun tayarwa a gaban motar ya murɗa. Ta yi tari ta yi shiru. Ya sake. Ta yi tari ta yi shiru. Ya sake har jijiyar wuyansa ta tashi. Shiru. Baturen ya juya ya dubi masu duwatsu. Mma Azara ta kama hannuna ta matse.

Masa Kofi ya matso ya ce wa Baturen, "Masa, ɗan lokaci." Ya sunkuya, ya zura yatsu biyu a bakin kafireto inda iska ke shiga, ya zaro dunƙulen auduga, ya tura a aljihu. Cikin gaggawa an manta da ita. Issaka ya ce bismillahi ya murɗa. Ta kama. Ta yi ruri, sannan ta kwantar da murya tana tafiya sumul, kamar mai karatu.

Da injin ya ɗumama sai wani ƙamshi ya tashi. Sajen ya shaƙa, ya sake shaƙa, ya dubi gindin bishiya inda muke, ya dubi mayafan da muka cusa hannuwa a ciki.

Ya ce, "Direba, motarka kunu take sha?"

Issaka ya ce, "Ranka ya daɗe, ta riga mu buɗa baki."

Sajen ya danne dariya. Baturen ya tambaye shi me aka ce, ya ba shi amsa gajeriya da Turanci, ban san me ya faɗa ba. Aka kawo fenti, aka shafa fari a ƙofar. Issaka bai yi murna a wurin ba, saboda mutumin da ke zaune a ƙasa kusa da shi. Daga baya mutumin nan da Salifu duka Issaka ya ɗauke su aiki, suna karɓar tuƙi a hanya, har yaƙin ya ƙare.

Aka ga wata. Ranar farko da aka sha ruwa, duk zongonmu kunu salam aka dama, gero da ruwa, babu ɗigon tsami. Maza suka kurɓa suka dubi matansu, matan suka dube su, kowa ya shanye nasa. Issaka kuwa ya riga ya tafi kudu da hatsi da albasar mata.

Azumi ya yi nisa kaɗan sai muka ji ƙahon motarsa da yamma, ba a tasha ba, a ƙofar gidan Mma Azara. Ya nemi tsamiya a Yendi, ya nema a Salaga, ya nema har bakin kogi, babu. Sai ya cika kwanduna da lemon tsami daga kudu. Ya tsaya a bayan lorin yana kiran matan da sunayensu, kowace da rabonta, har da Lamisi. Mma Azara ta ɗauki ɗaya, ta yanka, ta matsa a ƙoƙon kununta. Aka kira salla, ta yi addu'a, ta kurɓa. Duk muka zuba mata ido. Ta yamutsa fuska.

Ta ce, "Issaka, wannan ba tsamiya ba ce."

Ya ce, "Na sani, Mma. Ki yafe mini."

Ta sake kurɓa, ta miƙa masa ƙoƙon ta ce, "Sha, ɗana. Ka sauke sauran kafin waɗannan matan su ga rabon da ya fi girma."